DOGARIN JINI DA MAGYARAN ZAREN GADO: TARIHIN WATA DABARAR BINCIKE DA ABIN DA YA HAƊA TA DA GYAƊAR ƘASAR DAURA



1. GABATARWA

Duk wanda ya tashi a ƙasar Daura, ko a cikin birni ne, ko Zango, ko Baure, ko Sandamu, ko Mai'aduwa, ya san gyaɗa tun daga shuka har zuwa tunkuza. Ya kuma san ƙwayar nan guda, ƙanjamammiya mai ɗaci, wadda mutum kan tauna bisa kuskure ya yi maza ya tofar. Haka nan da yawa daga cikinmu sun taɓa ganin magidanci mai ƙarfinsa wanda cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi launin ɗorawa, ya rame, kafin shekara ta kewayo aka kai shi makwancinsa, likita ya ce sankarar hanta ce.

Masana sun ɗauki shekara 31, watau daga 1960 zuwa 1991, kafin su bi sawun da ya tashi daga wannan ƙwayar gyaɗa har ya kai ga wannan hanta. Makasudin laccar yau shi ne ba da tarihin kayan aikin da ya taimaka musu a wannan bin sawu.

Da yake harshenmu bai riga ya tsayar da sunayen waɗannan abubuwa ba, zan yi amfani da sunaye uku. Abin da masana ke taƙaitawa da haruffan DNA zan kira shi zaren gado. Furotin da ke ɗinke ɓarnar da ta sami wannan zare zan kira su magyara. Abin da likitoci ke ce wa antibodi kuwa zan kira shi dogarin jini, domin aikinsa daidai yake da na dogarin fada: a faɗa masa mutum ɗaya, ya ratsa kasuwa cike da jama'a, ya kamo wannan mutum shi kaɗai.

2. ZAREN GADO DA MAGYARANSA

Jikin ɗan Adam ginanne ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Cikin kusan kowace ƙwayar jiki akwai zaren gado wanda, in da za a warware shi, tsawonsa zai kai wajen mita 2. A kan zaren akwai rubutu da haruffa huɗu kacal, A, C, G da T, jere har wajen biliyan 3. Rubutun ya kasu babi-babi, yawancin babobin kuma umurni ne na yadda za a ƙera wani furotin. Watson da Crick ne suka bayyana siffar zaren a Kambirij ta ƙasar Ingila cikin 1953, suka nuna tufka biyu ce, kowane ɓari madubin ɗan'uwansa ne.

Da farko an ɗauka cewa abu mai daraja irin wannan ba ya lalacewa. Tomas Lindahl, mutumin ƙasar Suwidin, shi ya nuna a farkon shekarun 1970 cewa ba haka ba ne. Ya ƙiyasta cewa a kowace ƙwayar jiki haruffa wajen 10,000 ke ɓallewa kowace rana, ko da babu rana, babu hayaƙi, babu guba. To, in haka ne, me ya sa ba mu ruguje tun muna cikin goyo ba? Amsa ita ce akwai magyara. Cikin 1974 Lindahl ya gano ɗaya daga cikinsu, wanda ke zare gurɓataccen harafi guda. Paul Modrich ya bayyana wata ƙungiyar magyara mai aiki irin na malamin da ke muƙabalar littafi bayan an kwafe shi, tana gwada sabon ɓari da tsohon, tana gyara tuntuɓen alƙalami. Aziz Sancar, haifaffen Savur ta ƙasar Turkiyya, ya bayyana ƙungiya ta uku wadda in ta iske wani abu ya maƙale a jikin zaren sai ta yanke guntu mai haruffa wajen 30, ta cike gurbin da sabo. Su uku ɗin aka ba kyautar Nobel ta fannin kemistiri cikin 2015.

Shaidar cewa rai ya rataya ga wannan gyara ta fito tun 1968, sa'ad da James Cleaver ya binciki wata cuta ta gado wadda yaran da ke ɗauke da ita ba sa jure hasken rana, sankarar fata kuma takan kama su fiye da sauran mutane sau dubu da ɗoriya. Ya iske ƙwayoyin jikinsu ba sa iya ɗinke ɓarnar da rana ke yi wa zaren gado.

Amma fa sanin cewa akwai magyara daban, ganinsu daban. Cikin ƙwayar jiki guda akwai furotin iri dubbai, ba su da launi, madubin likita ba ya rarrabe su. Ina dabarar da za a ce ga wane, ga inda ya tsaya, ga yawansa? A nan ne dogarin jini ya shigo.

3. ASALIN DOGARIN JINI

Cikin Disamba 1890, a birnin Balin na ƙasar Jamus, Emil von Behring da Shibasaburo Kitasato, mutumin Japan, suka buga sakamakon wani gwaji. Sun iske cewa in dabba ta saba da dafin wata cuta, ruwan jininta yakan ɗauki wani abu mai karya wannan dafi, in kuma aka ɗura ruwan a jikin wata dabbar ita ma sai ta tsira. Daga nan aka sami maganin mashaƙo, aka riƙa samar da shi daga jinin dawaki, Behring kuma ya zama wanda aka fara bai wa kyautar Nobel ta likitanci cikin 1901. Wannan ba tsohon labari ba ne a wurinmu: sa'ad da mashaƙo ya ɓarke a Kano da maƙwabtanta daga ƙarshen 2022, irin wannan ruwan jinin doki aka nema don ceton yara.

Bayan haka Karl Landsteiner ya shafe shekaru yana nuna irin kaifin idon wannan dogari, har yakan bambanta sinadarai biyu da suka yi kama kamar Hasan da Husaini. Rodney Porter da Gerald Edelman kuwa suka gano siffarsa: shi ma furotin ne, ƙirarsa kamar gwafa, bakin kowane reshe an sassaƙa shi daidai da abin da zai kama. Tunanin da ya biyo baya mai sauƙi ne. In jiki yana iya ƙera dogari don kama dafi, ashe ana iya sa zomo ya ƙera dogari don kama kowane furotin da mai bincike ke nema, ta hanyar yi masa allurar wannan furotin, a jira 'yan makonni, a ɗebi jininsa.

Sauran abin da ya rage shi ne a riƙa ganin dogarin bayan ya yi kamu. Cikin 1941 Albert Coons na Jami'ar Habad a Amurka ya liƙa masa wani rini mai ƙyalli, ta yadda duk inda ya tsaya cikin tsoka sai wurin ya yi haske a ƙarƙashin madubi. Cikin 1971 Eva Engvall da Peter Perlmann a Sitokholm suka fito da gwajin da ake kira ELISA, inda ruwa ke sauya launi gwargwadon yawan abin da aka kama. Cikin 1975, a Kambirij, Georges Köhler da César Milstein suka haɗa ƙwayar saifar ɓera da wata ƙwayar sankara wadda ba ta daina hayayyafa, suka sami tushe mai fitar da dogari iri ɗaya tak, yau da gobe, ba iyaka. Kafin wannan, jinin kowane zomo gauraye yake da dogarai iri-iri, in zomon ya mutu kuma shi ke nan. Cikin 1979 Harry Towbin da abokan aikinsa a Basal ta ƙasar Suwizalan suka ƙara dabara ta ƙarshe, wadda har gobe ita ce abincin yau da kullum a ɗakunan bincike.

4. YADDA AKE AIKEN DOGARI

Ya kamata ɗalibai su fahimci yadda aikin yake a aikace. Hanyoyinsa manya guda uku ne.

Ta farko ita ce ta Towbin. Ana niƙa ƙwayoyin jiki, a zuba ruwan a bakin wani faifai mai kama da daskararren kunu, a sa masa wutar lantarki. Ƙananan furotin su yi nisa, manya su tsaya kusa, kowa ya jeru bisa girmansa. Sa'an nan a manna jerin a kan wata takarda ta musamman, a jiƙa ta da madara don toshe wuraren da babu kome, a zuba dogarin da ke neman magyarin da ake so, a wanke. A zuba dogari na biyu mai ɗauke da fitila, wanda shi kuma aikinsa kama na farkon. In magyarin yana nan, sai a ga layi guda ya fito daidai matsayin girmansa. Kaurin layin shi ke nuna yawansa.

Ta biyu ita ce ta Coons, watau a bar ƙwayar jiki yadda take, a aika dogari mai ƙyalli cikinta. Da wannan hanya ce Thomas Haaf da abokansa suka nuna cikin 1995 cewa wani magyari mai suna RAD51, da zarar an yi wa zaren gado rauni, yakan taru ɗigo-ɗigo a tsakiyar ƙwayar, kamar yadda maƙwabta kan taru inda katanga ta faɗi. Ana iya ƙidaya ɗigon ɗaya-ɗaya. Asibitocin zamani ma suna amfani da 'yar'uwar wannan hanya: in an yanko sankarar hanji, akan aika dogarai huɗu su nemo magyara huɗu na ƙungiyar muƙabala, MLH1, MSH2, MSH6 da PMS2. In wani ya ɓace, to, akwai alamar cutar ta gado ce, sai a binciki 'yan'uwan majinyacin, a kuma sake shawarar maganin da za a ba shi.

Ta uku ita ce kamun kai tsaye: a zuba dogari cikin ruwan niƙan, ya cafko wanda ake nema, a tsamo su tare. Sau da yawa yakan zo da wanda ya iske riƙe da hannun mutumin nasa. Ta wannan hanya aka yi wani gamo da ya shafi labarinmu.

Cikin 1979, a Landan, David Lane da Lionel Crawford suka aika dogari ya kamo furotin na wata ƙwayar cutar birai mai haddasa ƙari a jikin ɓeraye. Da ya dawo sai ga wani baƙon furotin manne da shi, na ƙwayar jikin ce da kanta. A shekarar nan Arnold Levine da Daniel Linzer a Amurka suka yi irin wannan gamo. Aka sa masa suna p53 saboda nauyinsa. Shekara 10 ana zarginsa da haddasa sankara, domin yakan cika maƙil a cikinta. Sai a 1989 aka gane cewa waɗanda ake gani maƙil ɗin gurɓatattu ne. Lafiyayyen p53 shi ne wakilin magyara. In zare ya yi rauni, shi ke dakatar da ƙwayar jiki daga rabuwa har a gama gyara, in ɓarnar ta fi ƙarfin gyara kuwa ya umurce ta da mutuwa. Yanzu an san cewa wajen rabin sankarar ɗan Adam babin p53 a gurɓace yake.

5. GYAƊA, FUMFUNA DA HANTA

Mu dawo gida. Tun da jirgin ƙasa ya fara jigilar kaya daga Kano cikin 1912, gyaɗa ta zama abin biyan haraji da abin aure a ƙasashen Kano, Katsina da Daura. Attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata suka yi suna da ita, dalar gyaɗa ta zama alamar Kano, har ya zamana a farkon shekarun 1960 babu ƙasar da ta kai Nijeriya fitar da gyaɗa waje. Farin 1972 zuwa 1974 da annobar ganyen gyaɗa ta 1975 ne suka karya wannan ciniki, amma ba su raba gyaɗa da tukunyarmu ba.

Cikin 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila. Da aka bi diddigi sai aka iske an ciyar da su da tunkuzar gyaɗa daga Barazil, wadda wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus ta kama. Gubar da fumfunar ke fitarwa aka sa wa suna afulatoksin. Ba a jima ba aka same ta a gyaɗar wasu ƙasashe, hankalin masu cinikin Arewa ya tashi. A cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, masana biyu, McDonald da Harkness, suka shafe shekarun 1960 suna gwaji a gonakin Kano da Mokwa. Sakamakonsu har yau yana nan daram: gyaɗar da aka tuge a kan kari, ɓawonta lafiya lau, aka shanya ta ta bushe da wuri, da wuya a sami guba a cikinta. Wadda aka bari ta wuce lokaci a ƙasa, ko gara ta huda ta, ko fartanya ta fasa ta, ko aka tara ta da danshi, ita ce gidan fumfuna. A lura kuma, ita gubar ba ta da ɗanɗano, kuma tafasa ko suya ba sa kawar da ita. Ɗacin da ake ji alama ce kawai ta lalacewar ƙwayar. Masara ma tana ɗaukarta.

Yaya gubar ke aikinta? Hanta ce ma'aikatar tace guba, amma a ƙoƙarinta na narkar da afulatoksin sai ta mai da ita wani abu mafi muni, wanda ke maƙalewa a jikin harafin G na zaren gado. John Essigmann da Gerald Wogan da abokansu a Amurka suka tabbatar da haka cikin 1977. Cire irin wannan maƙale aikin ƙungiyar nan ce mai yanke haruffa 30. In magyara suka riga, lafiya lau. In kuwa ƙwayar hanta ta rabu kafin su iso, mai kwafi yakan yi kuskure a wurin, G ta koma T, kuskuren ya zama gado ga duk ƙwayoyin da za su fito daga gare ta.

Cikin 1991 ƙungiyoyin masana biyu, ɗaya ta binciki sankarar hanta daga yankin Kidong na ƙasar Sin, ɗaya daga kudancin Afirka, suka iske abu ɗaya: a cikin da yawa daga majinyatan, G ta koma T a wuri guda tak, kalma ta 249 ta babin p53. Watau gubar ta harbi wakilin magyara da kansa. Daga baya aka sami wannan tabo a jinin wajen kashi ɗaya cikin uku na masu sankarar hanta da aka bincika a ƙasar Gambiya.

Akwai abokin ɓarna na biyu, shi ma dogarin jini ne ya tona shi. Cikin 1965 Baruch Blumberg ya ba da labarin wani baƙon furotin da dogaran jinin wasu majinyata suka kama a jinin wani ɗan asalin Ostareliya. Ashe rigar ƙwayar cutar hanta nau'in B ce. Wannan cuta takan zauna a hanta shekara da shekaru, tana kashe ƙwayoyi, tana tilasta wa sauran su yi ta rabuwa, magyara ba sa samun sarari. Wani bincike da aka yi kan maza fiye da 18,000 a Shangai, wanda aka buga cikin 1994, ya nuna cewa mai alamar afulatoksin kaɗai haɗarinsa ya ninka wajen sau 3, mai cutar B kaɗai wajen sau 7, amma wanda ya haɗa biyun wajen sau 60. Ko gwajin da Christopher Wild da abokansa suka yi amfani da shi wajen auna gubar a jinin mutanen Gambiya, da 'yan tsinkayen da ake gwada buhun gyaɗa da su a yau, duka dogarin jini ne a cikinsu.

6. SHI MA DOGARI SAI AN GWADA SHI

Ga gargaɗi ga ɗaliban da za su shiga wannan fage. Dogari yana iya kamo wanda ba shi aka aike shi ba, don kawai sun yi kama. Yawancin dogaran da ake aiki da su yanzu saye ake yi daga kamfanoni, a 'yar kwalba, da kuɗi mai tsoka. Cikin 2023 wasu masana a Kanada suka gwada irin waɗannan guda 614 da aka ce suna kama furotin 65. Fiye da rabinsu suka gaza a aƙalla ɗaya daga cikin hanyoyi ukun da na bayyana.

Maganin wannan shi ne abin da kowane mai hankali zai yi da sabon dogari: a aike shi gidan da aka tabbata mutumin ba ya nan. A ɗakin bincike, wannan yana nufin a samo ƙwayar jiki wadda aka goge babin wannan magyari daga zarenta, a gwada ta gefe da gefe da lafiyayya. In layi ya fito a duka biyun, dogarin maƙaryaci ne, duk abin da aka rubuta bisa shaidarsa kuwa ya rushe. Akwai kuma sharuɗɗan da suka fi damun mu a nan: dogari furotin ne, zafi na kashe shi. Ɗakin binciken da firjinsa ke mutuwa duk dare yana iya ba da sakamakon cewa babu magyari, alhali dogarin ne ya mutu a kwalba.

7. KAMMALAWA

Wannan tarihi ya tashi daga jinin doki a Balin, ya bi ta Kambirij da Landan, ya ratsa Samaru, ya tsaya a bakin rumbunanmu. Abin da ya rage shi ne kowa ya ɗauki kasonsa.

Malamin gona ya riƙe abin da Samaru ta gano tun shekarun 1960: tuge a kan kari, shanya a kan tabarma ko leda maimakon ƙasa, tsince ƙanjamammu da fasassu, ajiye buhu a kan katako nesa da danshi. Tsintattun nan kuma kada a mai da su ƙuliƙuli ko kunun yara don ƙyashin asara. Akwai ma Aflasafe, wanda cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan ta samar, ya kuma sami rajista a Nijeriya cikin 2014. Irin fumfunar ce marar guba ake watsawa a gona ta kori mai guba. Malamin asibiti ya tuna cewa tun 2004 allurar rigakafin cutar hanta nau'in B tana cikin jerin alluran yara a Nijeriya, kuma ta farkon ta fi amfani cikin awa 24 da haihuwa, tun kafin ranar suna. Masu tsara kasafin kuɗi su sani cewa ɗakin bincike ba gini ba ne kawai. Wuta marar yankewa da firji mai aiki su ne ransa. Ɗalibanmu na Zariya, Kano, Katsina da Sakkwato kuwa, tambayoyin suna jiransu a gida: nawa ne yawan wannan guba a gyaɗar kasuwannin Daura da Mai'aduwa daga kaka zuwa bazara, kuma tabon nan na kalma ta 249 nawa ne a cikin majinyatanmu? Kayan amsa su sun samu tun tuni.

Magyaran da Allah ya sanya a jikinmu ba sa barci, amma ƙarfinsu yana da iyaka. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Rage musu aiki yana hannunmu, kuma daga gona da ɗakin haihuwa yake farawa.